Tambayi Likita: jinin Rh, mutanen Malta da batun wabi

*Likita ina aiki a Malta, abokin aikina ɗan ƙasar jininsa A negatif ne, cuta ce?*

Ba cuta ba ce sam. Wani sinadari ne da ake kira Rh D (ko D kawai) a jikin jajayen ƙwayoyin jini, mai shi fozitif, marar shi negatif.

*To me ya sa negatif ya fi yawa a can kan wajenmu?*

Gado ne kawai. A Turawa kusan mutum 15 cikin 100 negatif ne, a Najeriya bai fi kamar 5 ba, a China ko 1 bai kai ba. Su 'yan Malta tsibirinsu na tsakanin Sisili da arewacin Afirka, Larabawa sun ci wajen a shekarar 870, daga baya Turawa iri-iri suka shigo, shi ya sa jininsu ya gauraya. Kuma negatif ɗin ma ba iri ɗaya ba ne, a Bature yawanci ƙwayar gadon RHD, wadda ke samar da D ɗin, ce babu ita gaba ɗaya, a baƙar fata kuwa sau da yawa tana nan amma ba ta aiki. Akwai kuma masu D mai rauni, wani lab ya ce fozitif wani ya ce negatif. In aka samu saɓani a maimaita a babban asibiti.

*Matata 'yar Malta ce, negatif, ni fozitif, tana da ciki na biyu. An ce za a mata allura amma Hajiya ta ce kar a yarda, za ta aiko da rubutu da sassaƙe.*

Malam don Allah ku karɓi allurar nan. Abin da ke faruwa shi ne, in jariri ya gado fozitif daga wajenka, lokacin haihuwa ko ɓari jininsa yakan ɗan shiga na uwa, sai jikinta ya ɗauke shi baƙo ya haɗa masa garkuwa, na farin yawanci yakan tsira, amma na biyu da na uku garkuwar nan ce za ta ratsa mabiyiya ta dinga farfasa musu jini, a haifi yaro da ƙarancin jini da shawara mai tsanani, wani ya mutu tun a ciki, wani shawarar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Mata da yawa da ake cewa suna wabi ko iska ce ke cinye musu 'ya'ya, da an gwada jininsu da an gano wannan ce matsalar wasunsu.

Allurar Anti-D tun 1968 ake amfani da ita. Ana yi wajen sati 28, a sake cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn fozitif ne, haka bayan ɓari ko zubar jini. In garkuwar ta riga ta haɗu allurar ba ta warware ta, don haka a fara gwada jininta. Addu'ar Hajiya muna so, amma sassaƙe ga mai ciki a'a, ba wanda ya san abin da ke ciki. Ku je awo a Mater Dei, babban asibitin Malta, kar ku tsallake ko ɗaya.

Sannan in idon jariri ya yi ɗorawa, musamman a ranar farko, asibiti kai tsaye. Ba shanya a rana, ba ruwan ganyen gwanda, ba kafur a kayansa, wallahi abin nan ya ishe ni gani. Asibiti, a ranar.

*Mai negatif zai iya karɓar jinin fozitif?*

Ba a so, musamman macen da ba ta gama haihuwa ba. In ke mai negatif ce, ki riƙa yawo da katin rukunin jininki, kuma ki faɗa wa duk likitan da ya duba ki.