Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohuwar Kwansatina da Tashar da Ta Ƙi Buɗewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi wata tsohuwar kwansatina a gwanjo a nan Ingila, an rubuta Lachenal a jikinta, maɓallanta 30. Iska na zurarewa, wasu maɓallan sun yi gum, ɗaya kuma kuka yake ta yi ko ba a taɓa shi ba. Ina so in gyara ta in taho da ita Kano. Ta ina zan fara?
Ɗalibi, daga Manchesta

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ga waɗanda ba su san ta ba, kwansatina abin kiɗa ne mai kusurwa shida, da zugazugin fata a tsakiya da maɓallai a gefe biyu. Charles Wheatstone ne ya ƙirƙiro ta Ingila wajen 1829, Carl Uhlig kuma ya fito da ta Jamus a 1834. Taka irin da ake kira Angilo ce: kowane maɓalli sautinsa biyu, ɗaya idan ka matsa, ɗaya idan ka ja, wato harsunan ƙarfe 60 masu fitar da sauti idan iska ta kaɗa su ke cikinta. Kamfanin Lachenal na Landan ya rufe tun shekarun 1930, saboda haka abin da ke hannunka ya kusa shekara ɗari ko ya haura. A bi shi a hankali.

Kafin ka ɗauki sukudireba, ka riƙe ta ta gefe ɗaya ka bar ɗayan ya rataya, ba tare da danna komai ba. Lafiyayya a hankali take buɗewa. Idan ta zube cikin 'yan daƙiƙu, ka matsa ta kusa da leɓenka kana juyawa, za ka ji inda iskar ke fita. Galibi a kusurwoyin zugazugi ne.

Gefe ɗaya ake buɗewa, a gama da shi kafin a taɓa ɗayan, don ya zame maka abin dubawa. Kusoshi shida masu zare ke riƙe da kowane gefe. Ka kwance su biyu-biyu, kowace da wadda ke fuskantarta, ka soke su a jikin kwali yadda suke a jere, domin kowace ta saba da raminta, kuma zarensu na da ne, ba ka samun irinsa a shago. Ka sa alamar fensir a kusurwa ɗaya kafin ka zaro faifan katakon da harsunan ke kai.

Maɓallin da ya yi gum, kusan kullum ƙura ce ko ɗan zare ya maƙale tsakanin harshe da gidansa. Ka zura siririyar takarda ƙarƙashin harshen ka jawo ta zuwa bakinsa. Kada ka ɗaga shi da ƙarfi, musamman idan na tagulla ne, lanƙwashewa yake yi ya ƙi komawa. Mai kuka ba a taɓa shi ba kuwa, ko dai sifirin ɗinsa ya karye, ko matoshin da ke rufe ramin iska ya ɓalle. Matoshin hawa uku ne: kwali, ƙyallen ulu, sai fata a ƙasa. Idan asu ya ci ɗaya, ka canja duka, sauran ma suna hanya. Haka nan 'yan siraran fatun da ke kwance gefen harsuna, wato bawul: duk wanda ya nannaɗe ko ya bushe yana sa sauti ya makara ko ya riƙa gargada. Ƙananan harsuna masu siririyar murya tun asali ba a sa musu bawul, kada ka ɗauka faɗuwa ya yi.

Abu ɗaya muke roƙonka ka bar wa gwani: saita murya. Da yawa daga cikin tsofaffin nan an saita su sama da ma'aunin yau na 440 (wato sautin da ake kira A ya girgiza sau 440 a daƙiƙa), wasu har wajen 452. Goge bakin harshe da magagari yana ɗaga sauti, goge wajen gindinsa yana sauke shi, kuma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.

Sai batun Kano. Hunturu ya fi tsufa yi mata illa. Katako na tsukewa idan iska ta bushe, gidajen harsuna su yi sako-sako su fara ƙara, faifan ma ya iya karkacewa. Gidan da ya saki, a manna masa siririyar takarda a gefe a mayar da shi. Ka ajiye ta cikin akwati mai rufuwa da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwani mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa ta ba, danshin ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A kwance ake ajiye ta, zugazugi a matse. Tsayar da ita a kan gefe ɗaya shi ke sa bawul su rataya har su nannaɗe.

TAMBAYA: Ni dukanci nake yi. Fatar akuyarmu za ta yi facin zugazugin irin wannan kayan kiɗa? Da wane gam?
Baduku, daga Sakkwato

AMSA: Ƙwarai kuwa, Malam. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da suna wajen masu ɗaure littattafai a Turai, kuma fatar akuya na cikin abin da ake yin zugazugi da shi. Sai dai a fere ta har kaurinta ya gaza rabin milimita, gefunan su fi haka siranta, in ba haka ba ninkin ba zai rufu ba. Gam ɗin fata da ake narkawa da ruwan ɗumi ake so, domin mai gyara na gaba ya iya ɓamɓare shi da danshi. Sufa gulu yana sandarar da fata ta tsage a kan ninki.

TAMBAYA: Na dawo Abuja daga Landan. BBC iPlayer ta ce ba ta aiki a inda nake. Na sa VPN, ta yi kwana biyu ta sake rufewa. Me ke faruwa?
Wata uwargida, daga Abuja

AMSA: Hajiya, laifin ba na wayarki ba ne. Ƙasa-ƙasa ake sayar da izinin nuna shiri, kuma iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, ta mazauna Birtaniya ce masu biyan lasisin talabijin. Duk na'urar da ta hau intanet tana da lambar adireshi mai nuna ƙasar da take, ita tashar ke dubawa. VPN na ara miki lambar wata ƙasa, amma dubban mutane ke bi ta lamba ɗaya, kuma an san ta kamfanin ajiyar bayanai ce, ba ta gida ba. Da tashar ta gane sai ta toshe ta. Shi ya sa ake yin kwana biyu a koma gidan jiya. Yin hakan kuma ya saɓa wa sharuɗɗan tashar, ga VPN na kyautan nan da wasunsu ke sayar da bayanan masu amfani da su.

Girman kwanon tauraron ɗan Adam ma ba zai taimaka ba. Tashoshin Birtaniya suna kan taurarin Astra a digiri 28.2 gabas, amma an matse haskensu a kan tsibirin. Abin da kwano ke kamawa daga wannan wuri a Afirka ta Yamma wasu tashoshi ne daban.

Mai gajeriyar tafiya zai iya sauke shiri tun yana Birtaniya ya kalla ba intanet kafin wa'adinsa ya ƙare. Ke da kika dawo gaba ɗaya, ki nemi wanda ya sayi izinin shirin a nan, domin BBC na da tashoshi a DStv, wasu shirye-shiryenta kuma suna fitowa a Netflix. Idan faifan DVD za ki sa a aiko miki, yanki-yanki ake kulle shi: na Birtaniya yanki na 2 ne, Najeriya kuwa tana yanki na 5, don haka ki tabbatar na'urarki mai karanta kowane yanki ce. Blu-ray ba shi da wannan matsala, Turai da Afirka duk yankin B suke. Ki kuma lura da data: awa ɗaya ta hoto mai kyau sosai tana iya cin gigabait 3, matsakaici kuwa wajen 1.