Amsa ga Yayanmu da abokin wasiƙarsa ya yi shiru

Assalamu alaikum. Yaya, ka ce abokinka mai zanen motoci na Kumasi, wanda kuka daɗe kuna musayar wasiƙa da zane, ya daina rubutowa tun bara, yanzu ɗansa ne ke amsa maka ta WhatsApp yana cewa Baba na gaishe ka, kuma kana tambaya ko ka ci gaba da rubutu ko ka haƙura. Kada ka haƙura. Kuma don Allah kada ka karɓi "Baba na gaishe ka" ɗin nan sai ka ji muryar mutumin da kunnenka. Abin da ya same ni ke nan, har yau idan na tuna barci ba ya zuwa.

Nawa abokin a Damagaram yake. Ta Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna muka san juna, lokacin da gajeren zango ke kai gaisuwa har cikin Nijar. Ina zanen atamfa a masaƙa a Kakuri, shi kuma yana adon bangon gidaje irin na unguwar Birni, yana zayyanar allo ga masu sauka. Bokonsa na Faransanci ne, nawa na Ingilishi, sai muka tsaya a kan ajami. Ko da aka rufe iyaka a 1984 zumuncin bai yanke ba, bayan an buɗe a 1986 kuwa sai muka koma ba direbobi saƙo, ta Kano da Daura a ƙetare Kwangwalam. Ba ya rufe ambulan sai ya sa wani abu a ciki. Wani lokaci guntun takarda da ya gwada sabuwar tawada a kai, ya rubuta a gefe cewa ƙaron bana bai da kyau, shi ya sa ba ta ƙyalli. Ni kuma in yanko masa gefen atamfar da zanena ya fito a kai, ya dawo da ita da gyara, wai ganyen ya cika cunkoso, in bar wa ido wurin hutawa. Shekaru ina aiki ƙarƙashin manyan da suka yi karatun zane a Zariya, amma ba wanda ya taɓa duba aikina da irin wannan idon.

Da masaƙun Kakuri suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, tsakanin 2002 da 2007, kun san yadda muka koma, ba sai na faɗa ba. Wasiƙunsa ne suka hana ni jefar da buroshi.

To a 2019, da aka sake rufe iyaka a watan Agusta, wasiƙa ta tsaya. Sai ga kira daga wani yaro, ya ce shi ɗan ƙanensa ne, Baba ba ya jin daɗi, hannunsa na rawa, shi ne zai riƙa karanta masa saƙona. Yaron nan ladabi kamar me. Baba kaza, Baba kaza. Ya ce magani ya yi tsada, na tura ta hannun ɗan canji. Ya ce za a kai shi asibiti a Yamai, na sayar da keken ɗinkin maiɗakina na tura, da yardarta, Allah Ya saka mata. Duk sanda na ce a ba shi waya, ko yana barci, ko ya fita masallaci, ko likita ya hana shi magana. Mutumin da aka ce ba ya iya riƙe alƙalami, shi ne kullum ya fita masallaci! Har zane na yi masa, tsuntsaye a kan dogon yaro, na ɗauki hoto na tura, yaron ya ce Baba ya gani ya yi murmushi.

Bayan an buɗe iyaka a Disambar 2020, wani direban da ya saba kai mana saƙo ya tarar da ni a ƙofar gida. Ya zauna, muka gaisa, sai ya ce ya haƙuri. Na ce haƙurin me? Ya dube ni ya sunkuyar da kai. Ashe Malam ya rasu tun kafin azumin shekarar. Wata da watanni ina gaida kabari ta waya. Ban yi masa addu'ar uku ba, ban yi ta arba'in ba, ina nan ina roƙa masa sauƙi alhali gafara yake buƙata. Kuɗin ban damu da su ba, wallahi. Abin da ya ƙona min rai shi ne da na tambayi takardun, direban ya ce akwatin ƙarfen da yake tara su an zazzage shi, allunan zayyana an sayar wa wani mai tara kayan gargajiya, wasiƙuna kuwa an ba mai ƙosai. Rubutun ajami, da Bismillah a saman kowace takarda, ana naɗe ƙosai da shi. Na kira yaron, ya ɗauka, ya ji muryata ya kashe. Ko "yi haƙuri" bai ce ba. Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba, kuma kada wani ya zo ƙarƙashin nan yana min wa'azi.

Ban ce ɗan abokinka haka yake ba, Yaya, Allah Ya sa alheri ne. Wataƙila ido ne ya yi rauni, irin namu, yana jin kunyar ka ga layinsa ya karkace. Mai zane ya fi son a ce ba shi da lafiya da a ce hannunsa ya mutu. Idan haka ne, ka rubuta da manyan baƙi, ka faɗa masa naka hannun ma rawa yake, ka sa zanen da ka yi jiya ko da bai yi kyau ba. Ka ce da yaron a yi kiran bidiyo ranar Juma'a bayan an sauko. Idan ya kawo uzuri sau biyu, ka bi ta wani wajen. Kumasi ai akwai Zango, akwai Sarkin Zango, akwai limamin unguwa, ga 'yan goro da ke zuwa suna dawowa. Kada kwabo ya fita daga hannunka kafin nan.

Ku kuma sauran 'yan uwa, ku tattara takardunku tun kuna da rai. Ku cire su daga leda, zafi da damshin damina na cinye tawada. A sa jika ya ɗauki hoton kowace ɗaya. Ga Gidan Arewa nan a Kaduna, a kan titin Rabah, suna adana tsofaffin takardu, ni wasiƙun marigayi abokina da ke hannuna can nake niyyar kai su in za su karɓa, don na ga yadda 'ya'yana ke kallon akwatin, wuri kawai ya tare musu. Yaranmu ba mugaye ba ne, ba su san mene ne jiran wasiƙa ba, tun da wayar hannu ta shigo a 2001 suka tashi da ita.

Yaya, ka rubuta yau, da hannunka. Akwai wani maƙwabcina a Tudun Wada da ke da 'yan uwa a Kumasi, na yi masa magana da safe, ya ce a ba shi sunan unguwar da sunan garejin da abokinka ke zane, za su leƙa su gan shi ido da ido. Turo min ta akwatin saƙo, kada ka sa a nan.