Android ko iPhone: wacce zan riƙe?

Tambaya: Malam, shekara shida ke nan ina amfani da wayar Android, yanzu ta fara nauyi. Abokaina sun dame ni in koma iPhone, wai ba ta kama bairos, ba ta kuma daskarewa. Da gaske ne?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, amma sun ƙara mata gishiri. Tun 2007 da iPhone ta fito, Apple ne kaɗai ke ƙera wayar, shi ne kuma ke rubuta manhajar iOS, shi ya sa suke tafiya tare kamar ɗan jumma da ɗan jummai. Android kuwa ta Google ce, amma Samsung, Xiaomi, Tecno da sauransu kowa ɗauka yake ya yi mata nasa kwaskwarimar. Wanda ya gwada iPhone da ƙaramar Android mai RAM (ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita) giga 2, ai bai yi wa Android adalci ba.

Batun bairos, Apple na tsaurara tantance duk manhajar da za ta shiga App Store. Android ta bar ƙofa a buɗe: kana iya sauke fayil ɗin APK, wato fayil ɗin saka manhaja, daga ko'ina. Ta nan ake shigo da WhatsApp na bogi, mutum ya danna "amince" ba tare da ya karanta ba, ya miƙa lambobinsa da saƙonninsa da hannunsa. Wanda ya tsaya a Play Store, haɗarinsa kaɗan ne. Saƙon 'yan damfara kuwa bai san wata iPhone ba, kowa yana samunsa.

Abin da na fi so ka duba shi ne shekarun sabunta manhaja. iPhone kan samu shekara biyar zuwa sama. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. Masu araha da yawa kuwa, shekara biyu ko uku an manta da su. Ina kyautata zaton taka ma ta daɗe da daina samu.

In ka yanke shawarar ƙaura, ka shirya. iPhone ba ta da gurbin katin memori, kuma giga 5 kacal iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, ke bayarwa kyauta, alhali Google na ba da 15. Ajiyar WhatsApp da ke Google Drive ba ta buɗewa kai tsaye a iPhone. Hanyar da aka saba ita ce manhajar Move to iOS, tun wayar tana sabuwa ko an goge ta tas. Manhajojin da ka saya a Play Store ba za su bi ka ba. In ta hannu za ka saya, mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabanka, in ba haka ba wayar na iya kulle maka, ka ga madubi ka saya.

Ni dai da ni ne kai, da na zauna a Android, na nemi wadda aka yi wa alkawarin sabuntawa mai tsawo.