Tambaya da Amsa: An ce a biya dala dubu huɗu a saka yaro a Rochester Red Wings

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a Kaduna, ina koya wa yara besbol da ɗan kayan da muka samu. Cikinsu akwai ɗan shekara 17 da babu mai hannun jifa kamarsa. Wani mutum mai kiran kansa ejan ya samu mahaifinsa, ya ce zai kai shi ƙungiyar Rochester Red Wings a Amurka idan aka biya dala dubu huɗu na gwaji da biza. Ya ce ƙungiyar ta haura shekara ɗari, tana rukuni na biyu, kuma saura ƙiris ta hau babbar gasa. Yanzu mahaifin yana neman mai sayen filinsa. Hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah mene ne tarihin ƙungiyar nan, kuma maganar mutumin tana da tushe?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin ka gama karanta wannan amsa, ka kira mahaifin yaron ka ce masa ya dakata da maganar filin. Ƙungiyar dai akwai ta, kuma batun shekarunta ejan bai yi ƙarya ba. Sauran zancen nasa kuwa damfara ce, kuma tarihin ƙungiyar da kansa ne zai tona shi.

Rochester birni ne a arewacin jihar New York, kusa da tafkin Ontario. Ƙungiyar ta faro a 1899, ta yi ta sauya suna, daga Bronchos zuwa Hustlers zuwa Colts zuwa Tribe. A wancan zamani ƙananan ƙungiyoyi suna cin gashin kansu: su nemo ɗan wasa, su raine shi, su sayar wa manyan ƙungiyoyi da tsada. Wanda ya rushe wannan ciniki shi ne Branch Rickey na St. Louis Cardinals. Ƙungiyarsa ba ta da kuɗin yin gogayya da masu arziki irin na New York wajen sayen 'yan wasa, sai ya ce to bari mu mallaki ƙananan ƙungiyoyin da kansu, mu riƙa raino a gida. Haka Cardinals ta saye ta Rochester, aka raɗa mata Red Wings a 1928, aka buɗe mata sabon fili a titin Norton a 1929. Ta ɗauki kofin gasar International League sau huɗu a jere, daga 1928 zuwa 1931.

Ka riƙe wannan da kyau. Sau huɗu a jere, kuma a 1932 tana nan inda take, a gasar da take. Ba ta hau ko'ina ba, domin babu matakalar hawa.

Nan ne nake son in daɗe, don kusan duk wanda ya rubuto mini kan besbol daga ƙasashenmu da wannan kuskure yake zuwa, kuma da shi 'yan damfara suke cin abinci. Mun tashi da ƙwallon ƙafa a ka. Mun ga Kano Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023, sai muka ɗauka ko'ina a duniya haka wasa yake tafiya. A besbol na Amurka babu faɗuwa babu hawa. Babbar gasa, MLB, ƙungiyoyi 30 ne, ƙofarta a rufe take. Rabon da a ƙara sababbi tun 1998, lokacin da aka shigar da Arizona da Tampa Bay, kuma da kuɗi suka shiga, dala miliyan 130 kowacce, ba da cin kofi ba. Red Wings ta ci Governors' Cup, kofin wasannin ƙarshen kaka na gasarta, sau goma, na farko a 1939, na ƙarshe a 1997. Ko guda bai matsar da ita taki ɗaya ba. In ta ci duk wasanninta na bana, baɗi tana Triple-A, wato matakin da take a ƙarƙashin babbar gasa. In ta sha kashi a dukkansu, baɗi tana Triple-A. Wanda ya ce maka "saura ƙiris ta hau", ko dai bai san wasan ba, ko kuma ya tabbata kai ne ba ka sani ba.

Abin da yake hawa shi ne ɗan wasa, shi kaɗai. Kuma ga inda maganar ejan ta mutu murus: 'yan wasan da ke sanye da rigar Red Wings ba ma'aikatan Red Wings ba ne. Uwar ƙungiya, wato ƙungiyar MLB da take yi wa raino, ita ce take ɗaukarsu, ita take biyansu albashi, ita take turo koci da mataimakansa da masu kula da lafiya, ita take cewa wane ya hau, wane ya sauka, wane a sallame shi. Tun 2021 uwar ita ce Washington Nationals. Shugabannin da ke zaune a ofis a Rochester aikinsu sayar da tikiti ne, da abinci, da talla, da gyaran fili, da wasan wuta bayan an tashi. Ko ɗan cikinsu ba su da ikon sa wa riga su tura shi fili. To ta yaya wani mutum a Kaduna, da waya da hotunan da ya kwafo daga intanet, zai sayar da abin da masu ƙungiyar kansu ba su mallaka ba?

Sannan Triple-A ba wurin fara koyo ba ne. Shi ne mataki na ƙarshe kafin babbar gasa, a ƙarƙashinsa akwai Double-A, High-A, Single-A da gasar sababbin shiga. Dubi waɗanda suka bi ta Rochester. Stan Musial ya yi kimanin wata biyu a can a 1941 kafin Cardinals ta ɗauke shi. Bob Gibson ya yi jifa a can a 1958. Cal Ripken ƙarami yana can a 1981, a watan Agustan shekarar Baltimore ta kira shi. A 2024 James Wood da Dylan Crews sun buga a Rochester, duka biyun suka ƙare kakar a Washington, kuma Crews shi ne na biyu da aka ɗauka a duk faɗin Amurka a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin MLB suka yi a 2023. Cikin irin waɗannan mutane ake cewa za a jefa yaron da bai taɓa fuskantar ƙwararren mai dukan ƙwallo ba? Ina jin haushin abin ne domin ƙaryar ba ta ma yi wahalar ganewa ba, amma gonaki da filaye suna tafiya a kanta.

Tun da ka nemi tarihi, bari in ba ka abin da ya sa nake girmama ƙungiyar nan, don ba ruwanta da ɓarayin da ke fakewa da sunanta. A ƙarshen 1956 Cardinals ta ce ta gaji da asara, talabijin ya janye 'yan kallo, za ta saki ƙungiyar. Garuruwa da yawa a wancan lokaci haka suka rasa nasu har abada. A Rochester wani ɗan kasuwa mai suna Morrie Silver ya tashi ya bi gari yana sayar da hannun jari, dala goma kowane ɗaya. Cikin kwana 72 mutum 8,222 suka saya, aka kafa kamfanin Rochester Community Baseball, ya karɓi ƙungiyar da filinta a 1957. Shi ya sa in ka shiga filinsu za ka ga lambobin riga da aka jingine don girmamawa: 26 ta Joe Altobelli, 36 ta Luke Easter, sai 8222 ta Silver, wanda bai taɓa buga musu wasa ba. An sa wa tsohon filin sunansa a 1968, kuma 'yarsa Naomi Silver ta daɗe tana jagorantar kamfanin. Amma lura: abin da mutanen gari suka saya shi ne suna da fili da kujerar ƙungiyar a gasa. 'Yan wasa sun ci gaba da zuwa daga sama, daga Cardinals har 1960, daga Baltimore Orioles daga 1961 zuwa 2002, daga Minnesota Twins daga 2003 zuwa 2020. Ko rabuwarsu da Orioles bayan shekara 42 ma daga nan ta samo asali: an yi ta turo musu tawagar da ba ta iya cin wasa, mutanen gari suka ƙosa, kuma iyakar abin da shugabanni za su iya yi shi ne su nemi wata uwar.

Akwai darare biyu da ba a tarihin Red Wings sai an ambace su. Na farko a Habana ne, daren 25 ga Yuli 1959, 'yan watanni bayan Castro ya karɓi mulkin Kyuba. Ana cikin wasa da Sugar Kings ta Habana sai sha biyun dare ta buga, ranar bikin juyin juya hali ta 26 ga Yuli ta shigo, mutane suka hau harbin iska don murna. Harsashi ya sauko a kan Frank Verdi na Rochester yana tsaye kusa da tasha ta uku, ɗaya daga cikin wuraren da mai gudu ke takawa in yana zagaya fili. Robar kariya da ke cikin hularsa ce ta cece shi. Aka tashi wasan, 'yan Rochester suka tattara suka bar ƙasar. Na biyun a garin Pawtucket na Amurka ne, 18 ga Afrilu 1981, cikin sanyi da iska mai mayar da ƙwallo baya. Aka yi ta bugawa babu mai cin wani, 'yan wasa suna ƙona karyayyun sanduna a cikin ganga suna jin ɗumi. Sai ƙarfe 4:07 na asuba aka dakatar, bayan zagaye 32, ana 2 da 2, 'yan kallo 19 suka rage. Da aka dawo ranar 23 ga Yuni, minti 18 kacal aka yi, Pawtucket ta ci 3 da 2. Har yau babu wasan ƙwararru da ya kai shi tsawo. Ripken ne ke tsaron tasha ta uku a ɓangaren Rochester, Wade Boggs a ɓangaren Pawtucket, kuma kowannensu dukiyar uwar ƙungiyarsa ce, ɗaya ta Baltimore, ɗaya ta Boston.

A 1997 suka koma sabon fili a tsakiyar gari, Frontier Field, wanda sunansa ke sauyawa da sauyin kamfanin da ya biya. A ƙarshen 2020 MLB ta rage ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta daga 160 zuwa 120. Rochester ta tsira. Maƙwabciyarta Batavia Muckdogs ba ta tsira ba, ta koma gasar ɗaliban jami'a ta lokacin zafi. Wato ƙofar ta ƙara ƙunci ne, ba faɗi ba.

To ta ina yaro daga Afirka yake shiga? Zaɓen sababbin 'yan wasa da MLB ke yi shekara-shekara na 'yan Amurka ne da Kanada da Puerto Rico, ko waɗanda ke karatu a makarantunsu. Wanda ke waje sai an yi masa rajista da MLB, an tantance shekarunsa, sannan ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 30 ta rattaba hannu da shi, daga shekara 16 zuwa sama. Galibi daga nan makarantar ƙungiyar da ke Jamhuriyar Dominika ake kai shi. Ƙungiyar ce ke neman masa biza, ita ke biyan jirgi, ita ke ba shi kuɗin sa hannu. Kuɗi daga wajenta yake fitowa zuwa ga iyaye, ba ya juyawa. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya sa hannu da Pittsburgh Pirates a 2008, bai taka babbar gasa ba sai 26 ga Afrilu 2017, kuma shi ne haifaffen Afirka na farko da ya kai can. Shekara tara ke nan yana hawa mataki-mataki. A 2022 Los Angeles Dodgers ta ɗauki matasa biyu daga Yuganda, Ben Serunkuma da Umar Male, kuma daga ƙasa suka fara kamar kowa.

In mahaifin yana lissafin cewa albashi zai maido da filin, ya sani sai a 2023, bayan 'yan wasan sun kafa ƙungiyar ƙwadago, mafi ƙarancin albashin Triple-A ya tashi daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara, na sababbin shiga a Amurka kuma daga 4,800 zuwa 19,800. A can wannan kuɗin rufin asiri ne kawai.

Ka sa ran ejan zai sauya baki in ka tare shi. Zai ce ai ƙungiya mai zaman kanta yake nufi. Akwai su, irin na gasar Atlantic League da Frontier League, suna ɗaukar 'yan wasansu da kansu, wasu ma suna shirya gwajin da ake biyan kuɗin rajista. Amma Red Wings ba ta cikinsu, kuma su waɗannan ƙungiyoyin cike suke da mutanen da suka riga suka buga a jami'a ko a Double-A da Triple-A. Takardar gayyatar gwaji kuma ba kwantiragi ba ce.

Ka tambaye shi abu uku a gaban mahaifin: sunan ma'aikacin Washington Nationals da ya ga yaron yana jifa, shaidar rajistar yaron da MLB, da wasiƙa daga adireshin imel na ƙungiyar, ba na Gmail ba. Ku rubuta wa Nationals da kanku ta shafinta ku tambaya. Kada a ba shi fasfon yaron ko na minti ɗaya. In ya riga ya karɓi wani abu, ku adana rasit da saƙonnin WhatsApp ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Shi kuma yaron, ka ɗauki bidiyon jifansa daga baya da kuma daga gefe, ka nemi hukumar besbol ta ƙasa ta san da shi don gasar matasa, kuma ka tsaya masa ya gama sakandare da sakamako mai kyau, domin kwalejojin Amurka sai sun ga takardun karatu kafin su duba hannun jifa.