Babban jirgi da rabin kuɗi: amsa ga wani mai kwale-kwale

Tambaya: Ina da kwale-kwale mai inji guda biyu a Yawuri. Ina so in sa a ƙera min babba mai cin mutum 60, in riƙa jigila zuwa ƙauyukan tsibirai, in kuma karya kuɗin shiga zuwa rabi don fasinja su dawo wurina. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Amma kafin ka ba maƙeri kafin alƙalami, bari ka ji abin da ya sami REDjet.

Kamfanin jirgin sama ne da ya fara tashi daga tsibirin Barbados a yankin Karibiyan a watan Mayun 2011. Ya zo da jiragen MD-82, tsofaffi masu shan mai, kowanne da kujera kusan 150, ya tallata tikiti daga dala 9.99 ban da haraji. Jama'a suka yi ca. A watan Maris na 2012 jiragen suka daina tashi, ko shekara ba a cika ba.

Araha ba ta haifar da mutane, Alhaji. Tsibiran nan ƙanana ne, Barbados ɗin kanta ba ta kai mutum 300,000 ba. Jirgi kuwa, ko cike ko rabi, man da zai sha kusan ɗaya ne, albashin matuƙi bai ragu ba. Ga abokan gasa masu uwa a gindin murhu: a lokacin gwamnatin Trinidad na tallafa wa kamfanin jiragen sama na Caribbean Airlines da kuɗin mai, ɗaya kamfanin kuma, LIAT, a wancan lokacin gwamnatocin tsibiran ne masu shi. Sai kuma jinkirin samun izinin sauka a Trinidad da Jamaika, jirage na zaune, kuɗi na zuba.

Naka abokan gasar, tsofaffin masu jiragen ruwa, ba gwamnati a bayansu, amma sun daɗe da mayar da kuɗin jiragensu, ba bashi a wuyansu, fasinjan kuma 'yan uwansu ne da surukansu. Za su iya jure wata uku a kan rabin kuɗi. Kai da sabon inji fa?

Ni dai ban ga dalilin babban jirgi ba tukuna. Ranar kasuwa zai cika maƙil, sauran kwana shidan kana ƙona fetur da mutum goma sha biyu da buhun busasshen kifi.

Ka sa yaronka ya zauna a bakin ruwa wata guda da littafi, yana ƙirga masu hayewa kowace rana, ka maimaita idan ruwa ya ja baya. Ka raba kuɗin fetur, matuƙi, gyara, ƙungiya da rigunan kariya a kan adadin fasinjan ranar da ta fi mutuwa. Idan lissafin ya fita a farashin da ake biya yanzu, dawo mu yi maganar maƙeri.