Ta ina masu nazarin shafukan sada zumunta ke samo bayanansu?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos, ina shirin rubuta kundin digiri na biyu kan yaɗuwar jita-jita a shafukan sada zumunta lokacin rikici a Filato. Ta ina masana ke samo bayanansu, kuma zan iya ɗora aikina kan binciken da aka yi a Amurka?

Amsa: Malama, ki karanta binciken Amurka, amma kada ki kafa kundinki a kansa. Wanda ya fi shahara shi ne na masana uku daga jami'ar MIT, da mujallar Science ta buga a 2018. Sun bi sawun labarai kimanin 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin tafiya, har na gaskiya kan ɗauki ninki shida na lokaci kafin ya kai ga mutum 1,500, kuma mutane ne suka fi haddasa hakan, ba asusun da kwamfuta ke sarrafawa ba. Aiki ne mai inganci, sai dai da Turanci aka yi shi, a dandalin da kowa ke ganin abin da aka wallafa.

Dalilin da ya sa Twitter ya mamaye wannan fanni kuwa shi ne sauƙin kwasar bayanai, domin kamfanin ya daɗe yana barin masu bincike su ɗebi saƙonni kyauta. An rufe wannan ƙofa a 2023, sannan Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya dakatar da CrowdTangle, manhajar bibiyar Facebook, a Agustan 2024.

Matsalarki ta wuce wannan. Jita-jitar da ke sa a rufe shaguna a Taminus ko Farin Gada sau da yawa ta WhatsApp take zuwa, cikin saƙon murya da Hausa, daga ɗan'uwa ko maƙwabcin da aka yarda da shi, kuma saƙonnin a kulle suke, babu manhajar da za ta tattaro miki su. Shi ya sa na fi son ki dubi aikin da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ci gaba (CDD) ta Abuja da Jami'ar Birmingham suka yi kan WhatsApp a zaɓen 2019, inda suka je jihohin Kano da Oyo suka zauna da mutane suka yi musu tambayoyi. Ki bi irin wannan hanya: ki tattauna da shugabannin zaurukan WhatsApp, da 'yan kasuwa, da masu keke, ki tambayi wa ya turo saƙon, me ya sa aka gaskata shi, kuma wa aka tura wa. Idan kina buƙatar rubutun Hausa da aka riga aka tattara, akwai NaijaSenti na 2022, wato tarin saƙonni da aka rarraba bisa yanayin ra'ayin da ke cikinsu, ko da yake shi ma daga Twitter aka ciro shi.

Sai batun izini, wanda ɗalibai kan raina. A 2014 an yi ca a kan Facebook bayan da aka gano ya sauya abin da mutum 689,003 ke gani domin gwada yanayin zuciyarsu ba da saninsu ba. Kada ki shiga zaure a ɓoye kina kwafar saƙonni. Ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, ki karanta dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023, sannan ki cire sunaye da lambobin waya tun ranar da kika tattara su, domin a garin da aka san juna, sunan unguwa da sana'a kaɗai sun isa a gane mai magana.