Latas, kabeji da karas a bayan gida: lokacinsu hunturu ne, ba Maris ba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa kin shuka latas da kabeji da karas a watan Maris, kamar yadda kika ga wata Baturiya ta yi a bidiyo, amma latas ya ƙi fitowa, kabejin kuma ya tsaya cak ya ƙi naɗewa. Ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ba ne, kuma da wuya a ce irin ne. Lokacin ne bai dace ba.

Ita waccan matar, a ƙasarsu Maris ne ƙanƙara ke narkewa, rana ta fara leƙowa amma da sauran sanyi, kuma yanayin da waɗannan kayan ke so ke nan. Mu nan Kano Maris ƙofar bazara ce, kafin Afrilu zafin rana yakan kusa 40. Shi kuwa irin latas, da zarar zafin ƙasa ya haura 30 sai ya kwanta ya ƙi tsira. Wanda ya samu ya fito ma ba ya daɗewa zai miƙe ya yi kara, ya fid da fure, ganyen ya yi ɗaci. Namu lokacin daga ɗaukewar ruwa ne, wajen ƙarshen Oktoba, zuwa Fabrairu. Ki tuna yadda karas da latas ke cika kasuwar Yankaba a Janairu. Mutanen Jos ne ke da sararin yi kusan duk shekara, saboda tudunsu da sanyinsu.

Shekarata tara ina wannan lambu a bayan ɗakin girki, filin bai fi taku shida da huɗu ba. Kabeji nake fara renonsa a tsohon baho da na huhhuda gindinsa, tun tsakiyar Oktoba, domin shi ne mai jan lokaci. Bayan mako huɗu ko biyar, in ya yi ganye huɗu zuwa biyar, sai in yi dashe da yamma bayan la'asar, in bar kusan kamu ɗaya tsakanin kowane gindi. Daga dashe zuwa yanka ki ba shi wata biyu da rabi ko uku. Kin ga wanda ya dasa a Janairu, naɗewar za ta faɗo masa cikin zafi.

Karas ne ya fi ba ni wahala, shi ya sa zan tsaya a kansa. Ba a dasa shi, inda kika yafa nan zai zauna. Shekarata ta farko na zuba ɗanyen kashin kaji ina ganin gata na yi masa, da na tona sai na tarar kowanne ya rabu ƙafa biyu ko uku, ga gashi buzu-buzu. Daga baya wani dattijo mai noman rani a Kura ya nuna min cewa karas ruɓaɓɓen taki yake so, wanda ya koma kamar baƙar ƙasa, da ƙasa mai laushi wadda aka tsince duwatsunta har zurfin kamu ɗaya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka ina cuɗa shi da yashi kafin in yafa, in rufe da ƙasa kaɗan, sannan in shimfiɗa buhun algarara jiƙaƙƙe a kai. Yakan yi kwana goma zuwa mako biyu kafin ya fito, kuma a cikin kwanakin nan idan saman ƙasar ya bushe sau ɗaya, an yi asara. Kullum ki ɗaga buhun ki duba, ranar da kika ga koren zare-zare ki cire shi. In sun kai tsawon yatsa ki rage su, ki bar faɗin yatsu uku a tsakani. Akwai ciwo cire lafiyayyen tsiro, na sani, amma in ba ki rage ba tsinke za ki tona.

Latas mai sauƙi ne. Kada ki binne irin, yana son haske, ki yafa ki danna da tafin hannu kawai. Kuma kada ki zuba duka rana ɗaya, ki riƙa shuka kaɗan duk bayan mako biyu, ki riƙa tsinkar ganyen gefe kina barin zuciyar.

Sanyin hunturu yana ruɗar mutum ya ga kamar ba a buƙatar ruwa, alhali iskar nan tana busar da ƙasa fiye da yadda ake zato. Ina bayi safe da yamma ga ƙananan tsiro, da gwangwanin da na huda da ƙusa don kada ruwan ya kwantar da su, in kuma baza buntun shinkafa a gindinsu. Ƙadangaru da kaji kuwa, tsohon gidan sauro ne maganinsu. Shi ma kabeji, gidan sauron yana hana malam-buɗe-littafi yin ƙwai a kansa. In tsutsa ta riga ta shiga, ki daka 'ya'yan darbejiya ki jiƙa su kwana, ki tace ki fesa har bayan ganyen da yamma.

Yanzu da zafi ya shigo, kada ki bar wurin haka. Ki zuba alayyafo da rama da lalo da kuɓewa, su zafin ba ya damun su in da ruwa. Sauran irin da ke hannunki ki sa a kwalba mai murfi, ki ajiye inda ba zafi ba laima, sai Oktoba in Allah ya kai mu. In kin fara renon kabejin ki turo hoto mu gani.